Umaru Ganda: Daga Fagen Yaƙin Indoshin Zuwa Dako A Tashar Jiragen Ruwan Abijan

A filinmu na tarihin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, yau za mu leƙa Jamhuriyar Nijar ne, mu ɗauko rayuwar marigayi Umaru Ganda, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Oumarou Ganda. Akasarin waɗanda suka san sunan nan sun san shi ne a matsayin mai shirya fim. Amma kafin ya riƙe na'urar ɗaukar hoto, bindiga ya fara riƙewa, da ya ajiye ta kuma buhu ya ɗora a ka a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Saboda haka labarinsa ba baƙo ba ne ga 'yan kasuwarmu na Jibiya da Ɗan Isa, da Illela da Birnin Ƙonni, da Maigatari da Kamba, domin da wuya a sami zuriyar da ba ta da kaka ko kawu da ya taɓa zuwa kurmi ci-rani, ko kuwa wanda Bature ya ɗauka soja ya kai shi ƙasar da ko sunanta bai taɓa ji ba.

An haifi Umaru a Yamai a shekarar 1935, kuma Bazabarme ne. Yamai ta wancan zamani ba wannan da muka sani ba ce, ƙaramin gari ne a bakin kogin Isa, wato Kwara, domin shekara tara kacal ke nan da Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka mayar da ita can a 1926. A nan ya yi karatun firamare. A shekarar 1951, yana ɗan shekara 16, ya shiga sojan Faransa, aka sa shi cikin rundunar da ake turawa gabas mai nisa. Mai karatu ya dubi yaron shagonsa mai shekara 16, wanda ko cinikin buhu goma ba a bar masa shi kaɗai ba tukuna, to irinsa ne aka bai wa kaki da bindiga.

Sojojin baƙar fata na Faransa kuwa suna ɗaya ake kiransu da shi, wato tirailleurs sénégalais, ko daga ina mutum ya fito. Gwamna Faidherbe ne ya kafa rundunar a Senegal a 1857, sunan ya bi ta har ƙarshe, ta yadda Bahaushen Tawa da Bazabarmen Doso da Bamoshen Wagadugu duk a takarda 'yan Senegal ne. Su suka yi wa Faransa yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma duk inda za a kai su ta ruwa ake bi da su. Wanda ajali ya riska a tsakiyar teku, ruwan nan shi ne makwancinsa, abin da malaman fiƙihu ma suka yarda da shi idan babu halin isa tudu kafin gawa ta lalace. Wani lokacin kuma jirgin ne gaba ɗaya ke tafiya da mutanensa. A ranar 12 ga Janairu 1920, wani jirgin fasinja mai suna Afrique da ya taso daga Bordo ya nitse cikin guguwa a gaɓar yammacin Faransa. Mutum 602 ne a ciki, 34 kawai suka tsira. Daga cikin fasinjojin akwai sojojin Afirka 192 da suka gama yaƙin duniya na ɗaya lafiya suna komawa gida, kuma 86 daga cikinsu a Grand-Bassam za su sauka, kusa da Abijan ta yanzu. Sun tsallake harsashin Jamus, ruwa ya cinye mafi yawansu kwana uku da barin tasha, babu kabari balle dutsen da za a kafa a kansa.

Yaƙin da aka kai Umaru shi ne na Indoshin, yankin da ya haɗa Biyetnam da Lawos da Kambodiya, inda mayaƙan Ho Chi Minh suka tashi tun 1946 don korar Faransa daga ƙasarsu. Sojojin Afirka baƙar fata kimanin 60,000 ne aka kai can a tsawon yaƙin. Abin da ke da ɗaure kai shi ne, talakan da ake mulka ne aka ɗauko daga wannan kusurwa ta duniya don ya danne talakan da ake mulka a waccan kusurwar. Umaru ya yi shekara biyu a Asiya. A ranar 7 ga Mayu 1954 sansanin Faransa na Dien Bien Phu ya faɗi, a watan Yuli aka sa hannu a yarjejeniyar Janiba, Faransa ta tattara nata ya nata. A 1955 Umaru ya tuɓe kaki ya dawo Nijar, yana da shekara 20, ba sana'a, ba jari, sojan rundunar da aka ci da yaƙi. Ya nemi aiki a Yamai bai samu ba.

To, a wancan zamani duk saurayin da gida ya yi wa zafi kudu yake fuskanta. Zabarmawa sun daɗe da sanin hanyar Kumasi da Ankara, inda suka yi suna wajen dako da ƙananan saye da sayarwa, Hausawa kuma tun zamanin fataken Gwanja suke bin sawun goro. Amma a shekarun 1950 wata sabuwar kasuwa ta buɗe. Da can jiragen ruwa ba sa iya matsowa gaɓar Kwaddibuwa saboda ƙarfin igiyar ruwa, sai su tsaya nesa a riƙa jido da ƙananan kwale-kwale. A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi, mai tsawon kilomita 2.7, wanda ya haɗa teku da tafkin Ebrié, manyan jirage suka sami inda za su shigo su kwanta cikin ruwa mai natsuwa. A watan Fabrairu 1951, shekarar da Umaru ya shiga soja, aka ƙaddamar da tashar Abijan, kuma François Mitterrand, wanda a lokacin shi ne ministan ƙasashen da Faransa ke mulka, ya halarci bikin. Daga nan kofi da koko da katako da ayaba suka riƙa kwarara zuwa Turai, siminti da ƙarafa da yadi suna shigowa. Duk wannan kaya kuwa ba kwantena a lokacin, kan mutum da gadon bayansa ne ke ɗauka. Nan Umaru ya dosa, ya zama lebura a bakin tasha.

Yadda Bature ya tsara Abijan ya isa a tsaya a duba. Shi ya zauna a tsakiya, a tudun da ake kira Plateau. Ta arewa ya sa barikokin soja tsakaninsa da Ajame, ta kudu kuma ruwan tafki ya raba shi da Treichville. A waɗannan unguwanni biyu aka tara baƙar fata, 'yan ƙasa da baƙi, su shigo da safe su yi aiki, su fice kafin dare. Ita Treichville, wadda ke maƙwabtaka da tashar jiragen, da can Anoumabo ake ce mata, da sunan ƙauyen mutanen Ebrié. A 1934, shekarar da Abijan ta zama hedikwata, aka sauya mata suna don tunawa da Marcel Treich-Laplène, wani wakilin kamfanin Faransa da ya bi sarakunan ƙasar tsakanin 1887 da 1889 yana karɓar sa hannunsu, har Bonduku da Kong, garuruwan da ya tarar Hausawa fatake da marina sun riga shi zama. Ya mutu a 1890 yana da shekara 29, ga kuma sunansa har yau a bakin kowane direban tasi. Titunan unguwar lamba aka ba su maimakon suna, kuma 'yan kasuwarmu da ke sauka can sun san Rue 12 kamar yadda suka san Kantin Kwari.

Rayuwar leburan tasha ta yini ce. Mutum ya yi sammako ya tsaya a bakin ƙofa cikin ɗaruruwan irinsa, idan an nuna shi ya ci abinci ran nan, idan ba a nuna shi ba sai gobe. Ba takardar ɗaukar aiki, ba hutu, ba kuɗin magani idan buhu ya karya ƙugu. Ga kuma zaman baƙunta, wanda kowane ɗan ci-rani ya san ɗacinsa. A watan Oktoba 1958 rikici ya tashi a Abijan, aka far wa mutanen Dahome da Togo, dubbai suka bar ƙasar ba shiri. Irin wannan ya sake faruwa a Gana a 1969, da Nijeriya a 1983, kowace ƙasa da ranar da take tuna cewa baƙonta baƙo ne.

A cikin wannan hali ne Umaru ya haɗu da Jean Rouch. Shi Rouch injiniyan hanya ne da ya fara zuwa Nijar a 1941, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. Ya riga ya bi 'yan Nijar zuwa Gana, inda ya ɗauki fim ɗin Jaguar a kan samari uku da suka tafi ci-rani har suka kafa teburin kaya a kasuwar Kumasi. Da ya zo Abijan yana binciken ƙaurar mutanen arewa zuwa gaɓar teku, sai ya buƙaci wanda ya iya karatu, ya kuma san lungunan 'yan ci-rani. Ya ɗauki Umaru aikin ƙididdiga, yana bin mutane yana rubuta daga ina suka zo, me suke yi, yaushe za su koma. Daga wannan aiki ne maganar fim ta taso, cewa maimakon a ƙirga su a takarda, a bar su su nuna rayuwarsu da kansu.

Fim ɗin da ya fito daga nan shi ne Moi, un noir, wato ni baƙin mutum, wanda aka ɗauka a 1957 ya fito a 1958. Da farko ma Treichville aka so a sa masa suna. Samarin da ke ciki ba 'yan wasa ba ne, kowa aikinsa na gaskiya yake yi, sai dai kowannensu ya ari sunan wani tauraron silima da yake gani a majigin unguwa. Umaru ya zama Edward G. Robinson, abokinsa Petit Touré mai tallan yadi ya zama Eddie Constantine, wani direban tasi ya zama Tarzan, budurwar da ake rububi kuma Dorothy Lamour. An bi su ne mako guda: ranakun aiki da jiran aiki, Asabar da zuwa bakin teku da dambe da mashaya, Lahadi da rawar gumbe, sai Litinin da komawa gidan jiya. A ciki an ga Robinson yana mafarkin zama zakaran damben duniya, an ga wani ma'aikacin jirgi ɗan Italiya ya ƙwace masa budurwa ya kuma lakaɗa masa duka, an ga Eddie Constantine ya tafi kurkuku na wata uku saboda faɗa da ɗan sanda.

Na'urar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Saboda haka bayan an gama ɗauka sai aka zaunar da Umaru gaban majigi, hoto na tafiya shi kuma yana magana yadda ta zo masa, yana zolaya, yana ƙorafi, yana yi wa kansa ba'a. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. Wurin da ya fi tsayawa a zuciyar masu kallo shi ne na ƙarshe, inda yake tafiya a bakin tafki tare da wani yaro, yana ba shi labarin Indoshin, yana kwatanta jifa da gurneti, yana faɗuwa ƙasa kamar wanda aka harba, sannan ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya nuna cewa duk wannan bai tsinana masa komai ba. A fim ɗin har an ambaci cewa mahaifinsa ya kore shi daga gida ne saboda ya dawo daga yaƙin da ba a ci ba. A bayansu kuma ga sabuwar gadar Houphouët-Boigny da aka gama a 1957, motoci na wucewa ta kai, su suna ƙasa da ƙafa.

Fim ɗin ya ci lambar Louis-Delluc ta 1958, ɗaya daga cikin manyan lambobin silima a Faransa, kuma matasan masu shirya fim na Faris irin su Jean-Luc Godard sun yaba shi ƙwarai, sun kuma ɗauki darasi daga salonsa. Sai dai sunan da ya tashi na Rouch ne. Wasu za su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu dai a ganinmu maganar ba ta kai nan ba, domin Rouch ne ya buɗe masa ƙofar, kuma bai rufe ta a bayansa ba. Amma gaskiya ne cewa Umaru daga baya ya nuna bai gamsu da duk yadda aka nuna shi ba. Ba shi kaɗai ke da irin wannan ƙorafi ba. Usman Sembène na Senegal, wanda shi ma tsohon sojan Faransa ne kuma ya yi dako a tashar jiragen ruwan Marseille kafin ya zama marubuci da mai shirya fim, ya taɓa fuskantar Rouch a 1965, ya zarge shi da ire-irensa da kallon mutanen Afirka kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari. Abin lura ne a ce biyu daga cikin iyayen silimar Afirka ta Yamma duk daga bariki suka fito, suka bi ta ƙarƙashin buhu.

Umaru ya koma Yamai, Nijar kuma ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960. Ya sami shiga cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda aka kafa wata ƙungiyar koyon aikin silima, ya koyi riƙe na'ura da yanka fim da haɗa shi. A 1968 ƙungiyar ta sa gasar rubuta labarin fim, shi kuma ya rubuta abin da ya fi kowa sani, wato labarin sojan da ya dawo daga Indoshin. Sunan fim ɗin Cabascabo, minti 45 ne, baƙi da fari, da harshen Zabarmanci, kuma shi da kansa ya fito a matsayin tauraron.

Labarin mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa dawowa daga tafiya da 'yan kuɗi a aljihu zai gane shi. Cabascabo ya sauka garinsu da kuɗin sallama, aka tarbe shi da kiɗa da kirari. Abokai suka yi masa caa, maroƙa suka sako shi gaba, mata suka buɗe masa ƙofa, shi kuma yana ta rabo yana ba da labarin fagen fama. Da aljihu ya yi sanyi sai aka watse aka bar shi. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon soja ya hana shi jure wulaƙancin da ake yi wa lebura, waɗanda suka ci nasa jiya suka riƙa kau da kai. A ƙarshe ya saɓi gatari ya bar gari ya nufi karkara. Ba mu san wani fim na wancan zamani da ya faɗi gaskiyar kuɗin ci-rani kamar wannan ba: yadda abin da aka tara cikin shekaru da gumi, wani lokaci da jini, ke narkewa cikin 'yan makonni saboda kunyar a ce mutum ya dawo hannu rabbana. Masana da dama na kallon Cabascabo a matsayin amsar da Umaru ya bai wa Moi, un noir, wato wannan karon tsohon sojan ne ke riƙe da na'urar, ba wani ke nuna shi ba. A 1969 aka nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa, a watan Yuli kuma ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Mosko. Zalika Souley, wadda ta zama fitacciyar 'yar wasan Nijar ta farko, tana cikinsa.

Daga nan sai ya juya kan al'ummarsa, kuma bai yi mata da sauƙi ba. A 1970 ya fito da Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji mai kuɗi da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, iyaye suka kasa ce masa a'a, aka ɗaura ta ta uku, kishi ya kai ga zubar da jinin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Da aka fara ba da babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, wannan fim ne ya fara cin ta, wato ɗan Nijar ne na farko a jerin duk waɗanda suka taɓa ɗaukar ta a nahiyar nan. Sai Saïtane, wato Shaiɗan, a kan wani malamin tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin attajiri da matar aure. Na ƙarshe shi ne L'Exilé na 1980, wanda ya gina a kan tatsuniya, yana magana a kan nauyin alkawari da abin da cika shi ke ci wa mutum. Ga masu ganin harkar fim a ƙasashenmu da kaset ɗin bidiyo ta fara, ya kamata a tuna cewa Turmin Danya na Kano a 1990 ya fito, shekara 18 bayan Umaru ya ɗauko lambar Wagadugu.

Su kuwa abokan yaƙinsa, waɗanda ba su sami na'urar fim ba, labarinsu ya fi na Cabascabo ɗaci. A watan Disamba 1959, ana gab da ba ƙasashen Afirka 'yanci, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mulka. Na Bafaranshe yana ƙaruwa duk lokacin da rayuwa ta yi tsada, na ɗan Afirka yana nan inda aka bar shi, alhali rami ɗaya suka kwanta. Sai a watan Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci a ƙarar wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, cewa wannan wariya ce, shi kuma mai ƙarar ya riga ya rasu. An fara gyara a 2007, ba a kammala daidaitawa ba sai 2011, lokacin da mazan jiyan da suka rage ba su taka kara sun karya ba.

Matattun yaƙin ma sun daɗe suna jira. A garin Fréjus da ke kudancin Faransa, inda da can aka yi sansanonin sojojin Afirka har aka gina musu masallaci mai siffar na Jenne, nan aka gina maƙabartar tunawa da yaƙin Indoshin. An kwaso ƙasusuwan sojoji sama da 20,000 daga Biyetnam, aka kuma yi bango mai ɗauke da sunaye sama da 34,000 na waɗanda gawarsu ba ta wurin. Wanda ya ƙaddamar da wurin a watan Fabrairu 1993 shi ne Mitterrand ɗin nan da ya buɗe tashar Abijan, yanzu yana shugaban ƙasa, kusan shekara 40 bayan faɗuwar Dien Bien Phu. Iyalai nawa ne a Filinge ko Madawa suka san akwai sunan kakansu a jikin wani bango a bakin tekun Bahar Rum, kuma ko sun sani, da wace biza za su je su gani?

Don a ga bambanci, a dubi wani matashin da shi ma yake yaƙi a Asiya a 1951. Neil Armstrong matuƙin jirgin yaƙi ne na sojan ruwan Amurka, ya yi fita 78 a yaƙin Koriya, kuma a watan Yulin 1969 da Cabascabo ke Mosko shi ne ya fara taka duniyar wata. Da ya mutu a watan Agusta 2012 aka ƙona gawarsa bisa al'adar wasu mutanen can, a ranar 14 ga Satumba jirgin yaƙi mai suna Philippine Sea ya fita da tokar aka zuba a tekun Atlantika, da faretin soja da tuta da busa. A Amurka doka ce, tsohon sojan da aka yi wa makwanci a teku ko aka rasa gawarsa, gwamnati na bai wa iyalinsa dutsen tunawa da sunansa a kafa a maƙabarta, ko da babu kowa a ƙarƙashi. Teku ɗaya ce da wadda ta haɗiye fasinjojin Afrique.

A 'yan shekarun nan an fara taɓa sunayen da ke jikin tituna da barikoki. A watan Oktoba 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan de Gaulle daga wani babban titi suka sa na Djibo Bakary. A watan Fabrairu 2025 Faransa ta miƙa wa Kwaddibuwa sansanin sojanta na Port-Bouët, kudu da tashar jiragen ruwa, aka sa masa sunan Janar Ouattara Thomas d'Aquin, babban hafsan sojan ƙasar na farko. A shekarar ce kuma babban titin Giscard d'Estaing da ya ratsa Treichville ya koma titin Félix Houphouët-Boigny. Ita unguwar dai tana nan da sunan Treich.

Umaru Ganda bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya yi fama da ciwon zuciya, Allah Ya yi masa rasuwa a ranar 1 ga Janairu 1981, bai kai shekara 50 ba, 'yan watanni bayan fitowar L'Exilé. Gwamnatin Seyni Kountché ta sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai, wadda jama'a ke taƙaitawa da CCOG, ba nisa da kasuwar Wadata, inda ake wasanni da waƙe-waƙe da taruka. Bikin FESPACO kuma ya ware lamba da sunansa, wadda ake bai wa wanda ya fi ƙwarewa a cikin masu fito da dogon fim ɗinsu na farko. Zalika Souley ta rayu har 2021, bayan shekaru na ƙuncin rayuwa da Rahmatou Keïta ta nuna a wani fim da ta yi a kanta. Shi kuwa Jean Rouch, a ranar 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, ya zo Nijar bikin fina-finai, motar da yake ciki ta yi haɗari da dare a kan hanya kusa da Birnin Ƙonni. Aka kai gawarsa Yamai, garin da aka haifi Umaru, aka binne shi a can.